Daga kilo 47: kundin ƙara nauyi ba tare da gulutin ba

11 ga Janairu

Nauyi kilo 47, tsawo santimita 165. In aka raba nauyin da tsawon a mita har sau biyu, wato 47 ÷ 1.65 ÷ 1.65, ana samun 17.3. Lissafin BMI ke nan, kuma a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya duk baligin da bai kai 18.5 ba ramamme ne. Da tsawona, sai na taka kilo 50.4 zan fita daga sahun ramammu. Inda nake hari shi ne 53 zuwa 54.

A watan jiya aka tabbatar min da cutar siliyak, bayan gwajin jini na tTG-IgA, mai auna martanin garkuwar jiki da ke hawa in cutar na nan, da kyamarar da aka zura min ta baki aka gutsuro ɗan naman hanji. Gulutin furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin rai. Yawancin mutane suna cin sa lafiya lau, amma kusan mutum 1 cikin 100, da zarar ya shiga cikinsu sai garkuwar jikinsu ta afka wa bangon ƙaramin hanji. Bangon nan ba sumul yake ba, cike yake da wasu 'yan tsiro kamar gashin tawul, kuma ta jikinsu abinci ke shiga jini. Cutar lallatse su take yi. Mutum ya ci ya ƙoshi, abincin ya wuce abinsa. Shi ya sa shekara da shekaru "ki riƙa cin abinci mana" ba ta tsinana min komai ba. Ina ci, hanjin ne ba ya karɓa.

Saboda haka aikin kashi biyu ne, kuma ɗaya yana gaban ɗaya. Sai hanji ya fara warkewa, sannan ƙarin abinci zai yi amfani. Zan riƙa hawa sikeli da safe bayan na fito bayi, kafin in sa komai a baki, kuma matsakaicin mako zan riƙa rubutawa a nan.

Ga duk wanda ke zargin yana da cutar: kada ya daina cin alkama kafin a yi masa gwaji. In ya daina, jinin zai iya fitowa tas alhali cutar na nan.

19 ga Janairu

46.5. Baya na yi. Likita dama ya ce kada gabana ya faɗi in na ga haka da farko. Burodi da taliya da biskit sun fita daga cimata dare ɗaya, kuma su ne ke cike min gurbi tsakanin wannan abinci da wancan. Duk wanda ya cire su, in madadinsu bai samu da wuri ba, ya rage wa kansa ɗaruruwan kalori bai ankara ba.

A kicin na ƙarar da makon nan. Na ware rariyata, katakon yankana da cokulan katako, na kuma haƙura da na'urar gasa burodin gidan. Tukunyar ƙarfe da farantin tangaran wanki da sabulu ya ishe su, abin da ke da huda ko tsaga shi ke riƙe gari. Wuta ba ta kashe gulutin tunda ba ƙwayar cuta ba ne, don haka man da aka soya wani abu mai fulawa a ciki ba ni ba shi.

Karatun bayan kwali ya fi komai cin rai. Da sha'ir ake yin malt, kuma yana cikin wasu hatsin karin kumallo da ake yi da masara. Yawancin soya sos da alkama ake haɗa shi. Wasu dunƙulen miya da tsiran nama na kwali da garin miya ana sa musu fulawa don kauri. Kuma "babu alkama" ba ɗaya ba ne da "babu gulutin", domin sha'ir na iya laɓewa a bayan na farkon. Ƙa'idar da hukumar Codex Alimentarius, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta tsayar a 2008 ita ce kada gulutin ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya na abinci kafin a rubuta masa "babu gulutin". Tarayyar Turai a kan wannan adadi take, Amurka ma ta ɗauke shi a 2013.

Abin da ya rage min ya fi abin da aka ƙwace yawa: shinkafa, masara, gero, dawa, hatsin kinowa, dankali, rogo, wake, ƙwai, nama, kifi, gyaɗa, riɗi, ganyaye da 'ya'yan itace.

2 ga Fabrairu

46.6. Zawon ya tsaya, kumburin ciki ya ragu sosai. Na ga masaniyar abinci, kuma wannan zaman ne ya ba aikin fasali.

Ta duba abin da na rubuta ina ci, ta ce ko kalori 1,600 ba na kaiwa, alhali mace mai jikina da irin zirga-zirgata tana buƙatar wajen 1,800 don kawai ta tsaya inda take. Don nauyi ya ƙaru sai an ɗora 300 zuwa 500 a kai kullum. Ta tsayar min da 2,200 zuwa 2,300. Ana ƙiyasta cewa kilo ɗaya na ƙiba yana cin kalori kusan 7,700, to rarar 500 a rana ba za ta ba da ko rabin kilo cikakke a mako ba. Ƙiyasi ne, jiki ba ya bin sa ƙafa da ƙafa, amma ya isa ya kashe wa mutum mafarkin kilo biyar a wata.

Na ce mata matsalar ita ce loma kaɗan nake yi in ji na cika. Ta ce, "Malama, kada ki yi faɗa da cikinki. Farantin ya tsaya yadda yake, abin da ke kansa za mu canza."

Dabarar a lissafi take. Giram ɗaya na maiƙo yana da kalori 9, na sitaci ko furotin kuwa 4. Babban cokali na man zaitun kalori 120 ne, kuma in an kwarara shi a kan shinkafa ko dafaffen dankali ciki ba ya ma sanin ya shiga. Dafaffiyar shinkafa giram 100 tana da kusan 130, gyaɗa giram 100 ta haura 550, dabino wajen 280, fiya 160. Ƙwai ɗaya 70 da ɗoriya, da furotin giram 6. Ayaba guda, kofin madara mai maiƙo da cokali biyu na niƙaƙƙiyar gyaɗa, in an markaɗa su tare, sun kusa 450, kuma sha ya fi tauna sauƙi ga wanda ba ya jin yunwa.

Tsarin yanzu manyan abinci uku da ƙanana uku, da agogo, ko ina jin yunwa ko ba na ji. Ruwa sai bayan na gama ci, don kada ya tare wuri. Miyar ganye da salak suna nan, amma a ƙarshen faranti, kuma da mai.

Na tambaye ta me zai hana in cike giɓin da lemon kwalba da alawa, tunda babu gulutin a yawancinsu. Ta ce sikeli zai motsa, amma jikin da ya daɗe yana rasa ayon, wato sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da kalsiyam da bitamin ba sukari yake bin bashi ba. Na yarda da ita. Cikin da ba ya ɗaukar abu da yawa, duk lomar da ta shiga gara ta zo da wani abu.

16 ga Fabrairu

46.9, sai dai haɗin ayaba da madara ya tayar min da ciki: ƙugi, iska, murɗa. Hankalina ya fara tafiya kan ko gulutin ya ɓuya a wani abu. Ashe madarar ce. Sinadarin laktes da ke narkar da sukarin madara a kan tsinin tsiron hanjin nan ake yin sa, to in sun lallatse shi ma ya yi ƙaranci. Ga masu siliyak da yawa abin na ɗan lokaci ne, yana wucewa in hanji ya farfaɗo.

Ban bar kayan madara ba, domin ina buƙatar kalsiyam ɗinsu. Na koma yogot, wanda ƙwayoyin da ke cikinsa sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, da busasshen cuku da ya daɗe a ajiye, wanda kusan babu laktos, wato sukarin madarar, a cikinsa. A haɗin sha kuma madarar da aka cire wa laktos nake zubawa, kalorinta daidai yake da na ɗayar.

1 ga Maris

47.2. Na dawo inda na faro, har da ɗan canji.

Sakamakon jini ya fito. Feritin, wato ajiyar ayon, yana ƙasa sosai, bitamin D ma haka. Folik asid yana bakin iyaka, B12 lafiya. Babu mamaki, domin a farkon ƙaramin hanji ake tsotse ayon, kuma nan ne cutar ta fi yi wa ɓarna. Wannan ya bayyana min hakin da nake yi a kan matakala da gashin da ke bin mataji.

An rubuta min ƙwayar ayon da ta bitamin D. Ta ayon da lemon zaƙi nake haɗiye ta, don bitamin C na taimaka mata. Shayi da kofi da madara kuwa suna tare mata hanya, sai na ba da tazarar awa biyu. Bayan gida ya yi baƙi ya kuma yi tauri, an ce daga maganin ne. Na tambayi mai ba da magani ko akwai sitacin alkama a ƙwayoyin, ya duba takardar ya ce na masara ne.

15 ga Maris

Goggo ta zo duba ni, ta ciro wani ƙulli daga jaka. "Ke 'yar nan, wannan wahalar ta isa. Ga shi, wata guda za ki ciko."

Na ce, "Goggo, na gode, Allah ya bar zumunci. Bari in nuna wa likita tukuna." Ta ce likitoci ba su san komai ba sai hana mutum abinci, muka yi dariya.

Kala biyu ne a ƙullin. Ɗaya sifroheftadin, maganin ƙaiƙayi da atishawa ne wanda ke buɗe ciki ya kuma saukar da barci. Likitoci kan rubuta shi wani lokaci don cin abinci, amma da dalili da awo. Ɗayan deksametason, kuma shi ne abin tsoro. Cikowar da yake kawowa ruwa ne da jiki ke riƙewa, da kitsen da ke taruwa a fuska da wuya da tumbi, yayin da tsokar hannu da cinya ke zubewa. Yana ɗaga sukarin jini da hawan jini, yana raunana garkuwa, yana cin ƙashi. Mai siliyak dama ƙashinsa a cikin haɗari yake saboda shekarun da ya yi bai tsotsi kalsiyam sosai ba. Wanda ya daɗe yana sha kuma, dainawa farat ɗaya ma haɗari ce, sai likita ya riƙa rage masa a hankali.

Abin da ke damuna da wannan sha-ka-fashe shi ne yana aiki a ido. Fuska ta yi ɓul-ɓul, kowa ya ce ma sha Allah, ba wanda ke ganin ƙashi. Ƙullin yana wurin likita.

47.6.

5 ga Afrilu

48.4, kuma wannan ne karon farko da na ji siket ya kama ƙuguna.

Na gwada kayan kwali masu tambarin "babu gulutin": burodi, biskit, taliya. Taliyar masara da shinkafa ta zauna, don ta sauƙaƙa min abincin rana. Sauran ba su burge ni ba. In ka juya kwalin, yawanci sitacin rogo ne da na dankali da farin garin shinkafa, sai sukari da mai don a rufe rashin ɗanɗano. Furotin kaɗan, faiba kaɗan. Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba: a ƙasashe da yawa doka ta sa a ƙara wa fulawar alkama ayon da folik asid, amma garin da ba shi da gulutin galibi ba a ƙara masa komai. Wanda ya musanya wancan burodi da wannan yana ganin bai rasa komai ba, alhali ya rasa. Ni dai na ajiye su a matsayin abin marmari da na tafiya.

Na kuma rage dogaro da shinkafa. Saboda a cikin ruwa ake noma ta, ta fi sauran hatsi zuƙar sinadarin asenik daga ƙasa, kuma mai gudun gulutin yana iya wayar gari shinkafa ce safe, rana da dare, har a biskit ɗinsa. Dafa ta cikin ruwa mai yawa a tsiyaye yana rage kusan rabin asenik ɗin. Ban daina ci ba, na dai sa dankali da gero da kinowa da wake suna karɓar ta.

26 ga Afrilu

47.9. An gayyace mu cin abinci, na yi tambaya, aka tabbatar min soyayyen dankali ne zalla. Daga baya na ji a man da aka soya kaza mai fulawa aka soya shi. Ciki ya ɓaci kwanaki, cin abinci ya gagara, kai ya yi nauyi.

Mutane suna ganin tsanani ne, wai ɗan ɓurɓushi me zai yi. Binciken da wani likita ɗan Italiya, Carlo Catassi, da abokan aikinsa suka buga a 2007 ya nuna miligiram 50 na gulutin kullum na wata uku ya isa ya taɓa bangon hanjin masu siliyak. Miligiram 50 bai wuce ɓarɓashin burodi ba. Daga nan ne ma ƙa'idar miligiram 20 ke samun ma'ana: ko rabin kilo na irin wannan abinci mutum ya ci a rana, miligiram 10 kawai ya shiga cikinsa.

Kuskure guda ba ya rushe aikin watanni, maimaituwarsa ce ke hana hanji warkewa. Rabin kilon da ya tafi yawanci ruwa ne. A kwanakin nan na rayu a kan dafaffen dankali da man zaitun, ayaba, romon kaza da yogot.

10 ga Mayu

48.5. Tunda hakin ya ragu, likita ya ba ni izinin fara ɗaga nauyi.

Da na zaci motsa jiki zai ƙone abin da nake tarawa da ƙyar. Gudu mai nisa zai iya, amma ɗaga nauyi wani abu ne daban. Rarar kalori dole ta je wani wuri, kuma in ba a ba tsoka dalilin girma ba, yawancinta kitse za ta zama. Ƙashi ma yana ƙara ƙarfi ne in ana ɗora masa kaya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce baligi ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Na fara da tsugunno da miƙewa, tura bango da hannu, ɗaga ƙugu daga kwance, da jan ƙaramin ƙarfe. Ba na wuce rabin awa.

Furotin ya zama abin lissafi. Giram 0.8 a kowane kilo na nauyin jiki shi ne abin da ke hana rashi, amma mai son gina tsoka ana kai shi wajen 1.6. A nawa nauyin kusan giram 77 ke nan. Ƙwai biyu da safe 12, kofin yogot wajen 9, kaza giram 100 kusan 30, kofin dafaffen wake 15, ɗan cikin hannu na gyaɗa 7, kofin madara 8. An wuce ma, ba tare da garin furotin na gwangwani ba. Wanda ke son garin ya karanta bayansa da kyau, wasu ana sa musu malt ko garin biskit don ɗanɗano.

31 ga Mayu

49.3. Cinyoyi suna ciwo, barci ya yi daɗi. Wata safiya sikeli ya nuna 50.2, bayan kwana biyu ya koma 49. Al'ada na gabatowa, ga abinci mai gishiri da na ci. Tsoka ma in tana ajiye sitaci, kowane giram yana riƙe ruwa kusan giram uku. Dalilin da ya sa nake rubuta matsakaici ke nan.

28 ga Yuni

50.5. BMI ya zama 18.5 da ɗan ɗigo. A takarda na daina zama ramammiya.

Abin da ya fi adadin faranta min shi ne yunwa. Yunwa ta gaske, wadda ke sa mutum ya leƙa tukunya kafin a sauke. Na daɗe ban san ta ba. Yanzu agogo ba ya tuna min da abincin hantsi, cikina ke yi.

Ina ɓare ayaba na tuna da wani abu da na karanta. A 1924 wani likitan yara a New York, Sidney Haas, ya fito da maganin siliyak da ayaba. Yana ɗura wa yara ayaba da yawa, yana hana su burodi da sauran hatsi, kuma da yawansu suka murmure. Ayaba ta sha yabo shekaru, alhali hanin ne ya yi aikin. Wanda ya gano bakin zaren shi ne Willem Dicke, likitan yara a Holan. Ya daɗe yana zargin alkama, sai yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 ta zo, burodi ya yi wuya. Yaran da ke fama da cutar suka samu sauƙi a lokacin da kowa ke ramewa, da burodi ya dawo suka sake kwantawa. A 1950 ya gabatar da kundin digirinsa a kan haka.

Labarin Haas yana sa ni taka-tsantsan in an tambaye ni me na ci na ciko. Da sauƙi in ce gyaɗa ce ko man zaitun. Amma da ban cire alkama ba, da duk sun bi hanyar da na baya suka bi.

19 ga Yuli

51.2. Gwajin wata shida: tTG ya sauko ƙwarai, bai dai kai daidai ba tukuna. Likita ya ce hakan ake sa rai, yakan ɗauki wata shida zuwa shekara, wani lokaci fiye. Ya kuma ja min kunne cewa ko jini ya daidaita ba ya nufin hanji ya gama warkewa, a manya yakan kai shekara biyu ko sama. Feritin ya tashi, za a ci gaba da ƙwayar.

Na gwada rabin kofin madara ta yau da kullum, shiru. Na gwada kofi guda, ɗan ƙugi kaɗan. Alamar laktes yana dawowa.

An kuma ba ni damar shigo da hatsin ots. Shi kansa ba shi da gulutin irin na alkama, nasa furotin ɗin abenin ne kuma yawancin masu siliyak suna ɗaukar sa. Matsalar daga gona da injin niƙa take, inda yake cakuɗuwa da alkama da sha'ir, don haka sai mai tambarin "babu gulutin". Akwai 'yan tsiraru da ko tsarkakakken ba ya karɓar su, shi ya sa aka ce in jira sai ciki ya lafa, in fara da kaɗan. Giram 50 busasshe kalori kusan 190 ne, in an dama da madara aka yanka dabino aka barbaɗa gyaɗa ya haura 500.

23 ga Agusta

51.6. Wata guda da ɗori, giram 400 kacal. Abin ya tsaya.

Likita ya fara kawar da manyan zato. Ya duba taroid, wato ƙullin da ke gaban wuya mai daidaita yadda jiki ke ƙona abinci, da sukarin jini, domin cutar taroid ta garkuwar jiki da ciwon sukari nau'i na 1 sukan yi tafiya tare da siliyak, kuma suna iya hana nauyi ƙaruwa. Duka lafiya. Babu alamar gulutin na shigowa ta ɓoye.

Amsar ta fito daga lissafi. Kalori 2,250 rara ce ga mace mai kilo 47 da ke haki a matakala. Ga mai kilo 51 da ke ɗaga ƙarfe, tana tafiya da ƙafa, ta daina kwanciyar rana, kusan abin da take ƙonawa ke nan. Jiki ya girma, kuɗin cefanensa ya ƙaru. Masaniyar abinci ta ce in ƙara 200 kawai, kada in zarce. Na sa cokalin mai a abincin dare da ɗan kashu kafin barci.

Ta kuma sa na fara auna ƙugu da cinya da damtse da tef. Cinya da damtse sun ƙaru, ƙugu kaɗan ya motsa. Ta ce in ƙugu ya fara tsere wa sauran, sai mu ja birki. Ta ga masu siliyak da yawa da suka zo a rame, hanji ya warke, suka ci gaba da ci kamar da, bayan 'yan shekaru suka dawo neman rage ƙiba.

27 ga Satumba

52.6.

An yi min hoton ƙarfin ƙashi. Ya ɗan yi ƙasa da yadda ya kamata a shekaruna, bai kai matakin zaizayewa ba. An ce in tabbatar ina samun kalsiyam miligiram 1,000 a rana. Kofin madara yana ba da kusan 300, yogot haka, sai cuku da sadin da ake ci da ƙayarsa da riɗi. Bitamin D da ɗaga nauyi su ci gaba.

Na daɗe ina bin Yaya ta je gwaji, don ɗan uwa na jini, uwa ko uba ko ɗa ko wanda aka haifa tare, haɗarinsa kusan 1 cikin 10 ne. Kullum amsarta ɗaya: "Ke dai ki ji da kanki, ni ina na rame?" Na ce, "Yaya, ai ba rama ce kaɗai alamarta ba. Shekara nawa kina shan maganin ƙarin jini bai tsaya ba?" Ta yi shiru. Da yawan waɗanda ake gano wa cutar a yau nauyinsu daidai ne, wasu ma masu jiki ne. Ta je an ɗebi jinin, muna jiran sakamako. Na gaya mata ta ci gaba da cin burodinta har sai an gama duka gwaje-gwajen.

25 ga Oktoba

53.4, BMI 19.6. Na shiga inda na yi hari.

Mun zauna da masaniyar abinci mun sauya tsari. Rarar za ta sauko zuwa kusan 100 zuwa 150 a rana, mu ga inda jikin zai tsaya da kansa. Haɗin ayaba da madara ya koma ranakun atisaye kawai, cokalin man da nake ƙarawa da dare ya fita. Furotin yana nan, an ɗaga shi zuwa giram 85 saboda sabon nauyin. Ƙananan abinci uku sun zama biyu. Hawa sikeli ya koma sau ɗaya a mako, tef sau ɗaya a wata.

Na ƙara nauyin ƙarfen da nake tsugunno da shi, na kuma sa rana ta uku. Sakamakon Yaya ya nuna tTG ɗinta ya hau, an ba ta ranar zura kyamara a watan gobe, ni zan raka ta. Nawa gwajin na cikar shekara a Janairu ne: tTG, feritin, bitamin D da folik asid, daga nan likita zai yanke ko a tsayar da ƙwayar ayon.